Tambaya da Amsa: Ina ƙugiyar ƙ take zuwa idan manhaja ta tura imel?

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk kuka ɗaya suke yi: mutum ya rubuta manhaja mai tura imel, saƙo ya tafi, amma abin da ya isa ba shi aka rubuta ba. Mun taƙaita tambayoyin, amsoshin kuwa mun bar kowace ta yi tsawon da take bukata.

Assalamu alaikum. Manhajata tana tura sanarwa ga masu rajista. A kwamfutata rubutun lafiya lau yake, amma a wajen wasu “ƙasa” tana fitowa “Æ™asa”, “ɗalibi” kuma “É—alibi”. Me ke cinye haruffan?

Wa alaikumus salam, Malam. Babu abin da ya cinye su, suna nan daram. An dai karanta su ne da ƙa'idar da ba tasu ba.

Abin da ke bin waya ba harafi ba ne, bayit ne, wato lamba daga 0 zuwa 255. A Unicode, kundin haruffan harsunan duniya, kowane harafi yana da lambarsa: ƙ tana U+0199, ɗ tana U+0257, ɓ tana U+0253, ƴ tana U+01B4. UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, shi ke mayar da waɗannan lambobi bayit. Haruffa 128 na ASCII, wato na Turanci marasa ƙugiya da lambobi da alamomi, bayit ɗaya-ɗaya suke ci, masu ƙugiya kuwa bibbiyu: ƙ ta zama C6 99, ɗ ta zama C9 97, ɓ ta zama C9 93, ƴ ta zama C6 B4. Haruffan Larabci su ma bibbiyu ne, yawancin emoji hurhuɗu.

Manhajarka ta tura C6 99 yadda ya kamata, sai dai ba ta faɗa wa mai karɓa cewa UTF-8 ne ba, ko kuma ta faɗa masa wani abu dabam. Shi kuma ya ɗauka Windows-1252 ne, tsarin da kowane bayit harafi ne mai zaman kansa. A can C6 shi ne Æ, 99 kuma ™. Ka ga inda “Æ™asa” ta fito. C9 shi ne É, 97 kuma doguwar karan ɗori, ga “É—alibi” ke nan.

Layuka uku ne ya kamata su kasance a kan saƙon:

```
MIME-Version: 1.0
Content-Type: text/plain; charset=utf-8
Content-Transfer-Encoding: quoted-printable
```

Idan babu na biyun, ƙa'idar MIME, wato RFC 2045 ta 1996 (RFC takardun ƙa'idojin intanet ne), ta ce a ɗauki saƙon a matsayin `us-ascii`, kuma duk bayit ɗin da ya haura 127 kowace manhajar karanta imel sai ta yi masa canki-cankinta. Shi ya sa wasu ke ganin rubutun daidai, wasu ba sa gani.

Amma ka kula, domin a nan ake yawan tuntuɓe: rubuta `charset=utf-8` ba ya sauya ko bayit ɗaya. Lakabi ne kawai, kamar rubutun da ke jikin buhu. Sauya rubutun ba ya sauya abin da ke ciki. Dole ne bayit ɗin su kasance UTF-8 da gaske, sannan lakabin ya faɗi haka. Idan da PHPMailer, laburaren tura imel na PHP, kake aiki, shi da `iso-8859-1` yake zuwa, sai ka saka `$mail->CharSet = 'UTF-8'` da hannunka. Idan kuma saƙon HTML ne, alamar `meta charset` da ke cikin shafin ba ta wadatar ba. Layin `Content-Type` na sashen shi ne abin dogaro, kuma kada biyun su saɓa wa juna.

Yana da kyau ka iya bambance alamomin, domin kowace da cutarta. Irin su Æ™ na nufin bayit lafiyayyu, lakabi gurgu. Alamar � na nufin an ce UTF-8 ne amma bayit ɗin ba su cika sharaɗinsa ba. Fankon akwati na nufin komai daidai ne, salon rubutun da ke na'urar mai karatu ne ba shi da zanen harafin. Alamar tambaya kuwa, “?asa”, ita ce mafi muni, kuma za mu zo kanta a ƙasa. Kafin ka taɓa kod ɗinka, buɗe asalin saƙon da ya isa, ɗanyensa. Gmail da Thunderbird duk suna da inda ake ganinsa. Nemi =C6=99 da idonka, sannan ka duba abin da `charset` ya ce.

Ina amfani da `smtplib` a Python. `sendmail` yana tsayawa da `UnicodeEncodeError: 'ascii' codec can't encode character '\u2019'`, alhali na cire duk haruffa masu ƙugiya daga saƙon. Ina matsalar take?

Malama, mayar da ƙugiyoyinki, ba su da laifi. U+2019 ita ce lanƙwasasshiyar alamar ɗauri da ke cikin “ma’aikata” ko “’ya’ya”. Manhajojin rubutu irin Word suna sauya miƙaƙƙiyar, wadda ASCII ce, su saka wannan ba tare da sun tambaya ba. A ido kusan ɗaya suke; a UTF-8 waccan bayit ɗaya ce, 27, wannan kuma uku, E2 80 99. Ita ce kuma ke fitowa â€™ idan lakabi ya ɓaci. Akwai 'yar'uwarta da ba a ma ganinta, tazarar da ba ta karyewa, C2 A0, wadda ke biyo rubutun da aka kwafo daga intanet.

Dalilin tsayawar shi ne, idan aka ba `sendmail` rubutu, wato `str`, da `ascii` yake mayar da shi bayit, kuma duk abin da ya fi 127 sai ya ƙi. Wasu sukan yi dabarar ƙara `.encode('utf-8')` su miƙa masa bayit. Kuskuren zai ɓace, amma an sayi sababbi biyu: saƙon ba shi da lakabi, sannan `sendmail` ba ya gyara ƙarshen layukan bayit, alhali SMTP, ƙa'idar da imel ke tafiya a kanta, yana son kowane layi ya ƙare da alamomin ƙarshen layi CR da LF, wato 0D 0A. Tun bayan da aka bayyana wata kafar fasa-ƙwaurin saƙo ta SMTP a ƙarshen 2023, sabobi (kwamfutocin da ke karɓa da isar da imel) da dama sun ƙara tsanani a kan LF tsura.

Kada ki haɗa saƙo da hannu. Tun Python 3.6, a 2016, `EmailMessage` ya zama tsayayyen ɓangaren laburaren:

```
from email.message import EmailMessage

with open('sanarwa.txt', encoding='utf-8') as f:
    rubutu = f.read()

m = EmailMessage()
m['From'] = daga
m['To'] = zuwa
m['Subject'] = 'Ƙarin bayani ga ɗalibai'
m.set_content(rubutu, cte='quoted-printable')
saba.send_message(m)
```

Ki lura da `encoding='utf-8'` a wajen buɗe fayil. Idan babu shi, a Windows fayil ɗin zai iya karantuwa da tsarin haruffan na'urar, rubutun ya lalace tun kafin a zo maganar imel. Tsarin da muke so ki riƙe shi ne: duk abin da ya shigo daga fayil, rumbun bayanai ko fom, a mayar da shi rubutu a bakin ƙofa, sau ɗaya, a cikin manhaja a yi aiki da rubutu zalla, a wajen fita laburare ya mayar da shi bayit, shi ma sau ɗaya. Idan kina son ajiye saƙon a fayil, `m.as_bytes(policy=policy.SMTP)` zai ba ki shi da ƙarshen layi irin na SMTP.

Jikin saƙona yana fita daidai, amma takensa ne ke lalacewa. Wani lokaci kuma harafin ƙarshe ya koma �. Ina yanke taken a 60 da `substr` na PHP.

Matsala biyu ce ka haɗa, Malam.

Ta farko, `charset` da ka saka jikin saƙo kawai ya shafa. Layukan kai, irin su `Subject` da sunan da ke gaban adireshi a `From`, tun RFC 822 ta 1982 ASCII ne, kuma RFC 5322 ta 2008 ba ta sauya wannan ba. Hanyar shigar da wasu haruffa ita ce ta RFC 2047, inda kowane guntu ke ɗauke da lakabinsa a jikinsa. Ga “ƙasa” ta hanyoyi biyu:

```
=?UTF-8?Q?=C6=99asa?=
=?UTF-8?B?xplhc2E=?=
```

Dokokinta ƙanana ne amma ba sa yafiya. Guntu ɗaya ba ya wuce haruffa 75, kuma 12 daga ciki kwalliyar farko da ƙarshe ce, don haka a salon B bayit 45 kacal guntu ke ɗauka. Dogon take sai an raba shi gunduwa-gunduwa, kowace a layinta da tazara a farko. Ba a raba harafi ɗaya tsakanin gunduwa biyu. C6 ba zai tsaya a nan 99 ya tafi can ba. Tazarar da ke tsakanin gunduwa biyu zubar da ita ake yi wajen karantawa, saboda haka tazarar gaskiya dole ta shiga cikin guntun, a salon Q kuma da alamar _ ake rubuta ta. Wanda ya manta wannan sai ya ga kalmominsa sun manne da juna. Ba ma ba kowa shawarar rubuta wannan da kansa. `mb_encode_mimeheader($take, 'UTF-8', 'Q')` yana yi, PHPMailer ma yana yi.

Ta biyu ita ce yankan. `substr` da `strlen` bayit suke ƙirgawa. “ƙasa” haruffa huɗu ce, bayit biyar. Duk ranar da bayit na 60 ya faɗa kan C6, an bar rabin harafi a ƙarshe, kuma rabin harafi shi ne � ɗin da kake gani. Wannan ne ma dalilin da ya sa abin ke zuwa yana tafiya, gwargwadon inda ƙugiyar ta faɗa. Yi amfani da `mb_substr($take, 0, 60, 'UTF-8')` idan haruffa kake ƙirgawa, ko `mb_strcut` idan iyakar ta bayit ce, domin shi yana ja da baya zuwa gaɓar harafi. Kuma a yi yankan kafin a lulluɓe taken da salon RFC 2047, ba bayan an lulluɓe ba.

Tunda muna kan take, ga wani abin da ya fi ƙugiya haɗari. Idan taken daga fom yake zuwa, ka tace CR da LF daga cikinsa. Wanda ya iya cusa sabon layi a take zai iya ƙara `Bcc` nasa, wato layin masu karɓa na ɓoye, ya mayar da sabarka injin watsa saƙonnin banza. `EmailMessage` na Python yana ƙin irin wannan da `ValueError`. Wanda ke haɗa layukan kai da hannu babu mai tsare masa.

Wanne ya fi: `quoted-printable`, `base64` ko `8bit`? Abokin aikina ya ce a zamanin nan duk sabobi suna karɓar `8bit`.

Abokin aikinka yana da rabin gaskiya. An gina SMTP a kan bit bakwai, wato ASCII zalla, daga baya aka ƙara 8BITMIME mai ba da damar bit takwas, kuma yau mafi yawan sabobi suna sanar da shi a amsar `EHLO`, gaisuwar buɗe haɗi. Amma saƙo ba saba ɗaya yake bi ba. Idan ya iso inda ba a karɓar bit takwas, saba ta tsakiya ko ta mayar da shi ko ta sake lulluɓe shi. Idan ta sake lulluɓewa, bayit sun sauya, sa hannun DKIM kuma, wanda ke tabbatar da inda saƙo ya fito, a kan bayit ake yinsa. Sai ya karye, saƙonka ya ƙara kusantar kwandon shara. RFC 6376 da kanta ta ba da shawarar a mayar da saƙo bit bakwai kafin a sa hannu.

Sannan `8bit` ba ya raba ka da iyakar layi, 998 ban da CR da LF. HTML ɗin da manhaja ta haɗa yakan fito layi ɗaya miƙaƙƙe mai dubban haruffa. Wata saba ta ƙi shi, wata ta karya shi inda ta ga dama. Manhajar sabar imel mai suna Sendmail har alamar motsin rai take sakawa a inda ta karya, abin da ke sa a ga alamar “!” a tsakiyar kalma ko a ga mahaɗin shafi ya mutu. Sauran biyun suna tsayar da kowane layi a 76, mai karɓa kuma ya mayar da shi yadda yake.

Tsakaninsu lissafi ne. `quoted-printable` yana barin ASCII yadda yake, ya mayar da kowane bayit da ya haura 127 haruffa uku, don haka ƙ ta zama shida, =C6=99; alamar = kanta ta zama =3D. `base64` kuwa kowane bayit uku huɗu suke komawa, ko me ke ciki. Suna yin kunnen doki idan kusan kashi ɗaya cikin shida na bayit ɗin ba ASCII ba ne. Rubutun boko, da na Faransanci ko Jamusanci, yana ƙasa da haka, sai a zaɓi na farko, ga shi kuma mutum na iya karanta ɗanyen saƙon idan ana neman kuskure. Larabci, Rashanci ko Sinanci sun haura nesa, `base64` ya fi musu. A Python idan ba ka faɗi `cte` ba kuma layukanka gajeru ne, `8bit` zai zaɓa maka. Shi ya sa muka rubuta shi ƙarara a misalin da ke sama.

PDF ɗin da nake liƙawa ba ya buɗuwa a wajen mai karɓa, sunansa kuma yana lalacewa. Wani na MB 20 ma saba ta ƙi shi, alhali iyakarta 25 ce.

Fayil ɗin PDF, hoto ko zip ba rubutu ba ne, kuma ba shi da `charset`. Idan ka buɗe shi a matsayin rubutu, ko dai karatun ya tsaya da kuskure, ko a sauya ƙarshen layuka, ko a musanya bayit ɗin da ba a gane ba. Kowanne ya faru fayil ya mutu. Buɗe shi da `'rb'`, ka miƙa bayit ɗin kai tsaye: `m.add_attachment(bayit, maintype='application', subtype='pdf', filename='ƙiyasi.pdf')`. Kada ka yi masa `base64` da kanka sannan ka miƙa, laburaren zai sake yi, mai karɓa ya warware ɗaya ya tarar da ɗaya. Don tabbatarwa, kwatanta SHA-256, wato tambarin lissafi na bayit ɗin fayil, na asalin da na wanda ya isa.

Sunan fayil yana da tasa ƙa'idar dabam, RFC 2231 ta 1997, mai kama da haka: `filename*=UTF-8''%C6%99iyasi.pdf`. Salon =?UTF-8? ba a halatta shi a nan ba, ko da yake manhajoji da yawa suna tura shi suna kuma karɓa. Bar wa laburare.

Girman kuwa, `base64` yana ƙara kashi ɗaya cikin uku, ƙarshen layuka su ƙara ɗan kaɗan, jimla kusan kashi 37 cikin 100. MB 20 ya zama sama da 27. Saba girman saƙon da aka lulluɓe take aunawa, don haka a iyakar 25, fayil ɗin da ya wuce kimanin MB 18 ba zai shiga ba.

Idan CSV kake liƙawa don a buɗe da Excel, rubuta shi da `utf-8-sig`, mai saka EF BB BF a farko. Da shi Excel ke gane UTF-8. A jikin saƙo kuwa kada ka bari waɗannan ukun su shiga, su ne ke fitowa ï»¿.

Adireshin imel kansa zai iya ɗaukar ƙ ko ɗ?

Zai iya, bisa RFC 6531 da 6532 na 2012, amma sai duk sabobin da ke hanya sun san SMTPUTF8, ƙarin da ke ba SMTP damar ɗaukar UTF-8 a adireshi. Abin da ke bayan @ ana iya mayar da shi ASCII da Punycode, mai farawa da xn--. Abin da ke gaban @ ba shi da irin wannan mafita, salon =?UTF-8? kuma bai halatta a cikin adireshi ba. `send_message` yana neman SMTPUTF8 da kansa, idan saba ba ta da shi ya tsaya da `SMTPNotSupportedError`. Manhajarka ta karɓi irin wannan adireshi idan an kawo mata, amma adireshin da kake turawa da shi ka bar shi ASCII, ka sa ƙugiyoyin a sunan da ke gabansa.

Sunayen da ke rumbun bayananmu suna fita a imel kamar “Ã†â„¢”, wasu kuma “?”. Lakabin UTF-8 yana nan. Za a iya gyarawa?

Wannan ba a imel ya lalace ba, Malama, a rumbun ya lalace, imel ɗin isar da shi kawai ya yi. “Ã†â„¢” ƙ ce da aka yi wa kuskuren nan sau biyu. C6 99 aka karanta da Windows-1252 ya zama Æ™, aka ajiye wannan a UTF-8 ya zama bayit biyar, C3 86 E2 84 A2, aka sake karanta su da Windows-1252. A MySQL yawanci hakan na faruwa ne idan teburin na `utf8mb4` ne amma haɗin da manhaja ke buɗewa na `latin1`. Ki fara toshe wannan kafar, ki saka `utf8mb4` a haɗin, in ba haka ba kina gyara tsoho sabo na shigowa. Ki kuma guji wanda ake kira `utf8` kawai a MySQL, bayit uku ne iyakarsa, emoji ba ya shiga.

Gyaran shi ne bin sawu da baya: `s.encode('cp1252').decode('utf-8')`, sau ɗaya ga kowane zagaye na lalacewa. Ki yi a kan kwafin rumbun, layi-layi, domin ba duka ne suka lalace daidai wa daida ba. Mai ƙugiyar da yake lafiya idan aka bi da shi ta nan zai tsaya da kuskure, sai a ƙyale shi yadda yake. Babbar Ɓ za ta ba ki wahala: bayit ɗinta C6 81 ne, 81 kuma ba shi da harafi a Windows-1252, saboda haka wasu manhajojin sun riga sun zubar da shi, sai ki tarar da Æ ita kaɗai. Waɗannan sai an duba da ido.

Masu alamar tambaya kuwa babu kod ɗin da zai dawo da su. A wani mataki an nemi mayar da rubutun zuwa tsarin da ba shi da harafin, aka maye gurbinsa da 3F, wato ? ta gaskiya, asalin bayit ɗin kuma ya tafi. A Python `errors='replace'` ne ke yin haka wajen `encode`, `errors='ignore'` kuma ya share harafin gaba ɗaya; ki nemo su a kod ɗinku ki cire, gara manhaja ta tsaya da kuskure da ta ci sunan mutum shiru. Waɗannan sunayen sai dai a dawo da su daga tsohon ajiyar rumbun, ko daga fom ɗin da aka cike tun farko, ko a tambayi masu su.